Mama, an ce Allah ya yi min alkawarin haihuwa kafin Kirsimeti, gashi biyu sun wuce shiru

Saƙon nan ya kwana biyu a wayata, na karanta na ajiye, na sake ɗauka na sake ajiyewa, don ba irin wanda mutum zai amsa yana tuƙa tuwo bane. Na rage masa tsawo, na kuma cire duk abinda zai sa a gane mai shi.

"Mama ina gaisuwa. Ni matar aure ce a Kafanchan, shekarata 33, aurenmu shekara 8 ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Asibiti sau ɗaya na je, maigidana ya ƙi zuwa ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Shekara biyu da suka wuce ƙawata ta kai ni wani gidan addu'a, mai wurin ya kira ni gaban jama'a ya ce Ubangiji ya ce kafin Kirsimeti zan riƙe ɗa, ya bani Fitowa 23:26 da Irmiya 29:11 ya ce in riƙe alkawarin in shuka iri. Na sayar da keken ɗinkina na kai kuɗin, maigida bai sani ba har yau, ya ɗauka ƙanwata na ba aro. Na yi azumin kwana 21, bijil, wato kwana ana addu'a, kam ba adadi. Kirsimeti biyu sun wuce. Da na koma sai ya ce shakkata ce ta cinye alkawarin. Yanzu in na durƙusa bakina baya buɗuwa, ko a zumuntar mata aka ce in yi addu'a sai in ce mura nake. Mama, Allah ne ya fasa ko ni ce bani da bangaskiya? Kuma in ya riga ya yi alkawari me ya sa sai na yi ta roƙo, in kuma bai yi ba meye amfanin roƙon?"

Sannu ɗiyata. Na so in ce sannu da haƙuri amma nasan kalmar nan ta ishe ki ji, kowa haƙuri yake baki kamar shi kaɗai ya rage a kasuwa. Ni bazan ce miki mai haƙuri ke dafa dutse ba, kin shekara takwas kina hura wutar.

Bari in fara sauke miki kayan da ba naki ba. Allah bai fasa ba, ke ma baki kasa ba. Matar da ta ɗauki keken da take cin abinci da shi ta sayar, ta kwana 21 tana azumi, ita ce za a ce wa mara bangaskiya? Haba. Abinda ya faru shine wani ya ari bakin Allah ya ci masa albasa, da maganar bata tabbata ba sai ya juye laifin a kanki, kuma dama haka suke yi, in ta yi kyau nasu ne a kira ki gaba ki bada shaida ana ɗauka a waya, in ta ɓaci ke ce kika yi shakka. Ta yaya za su faɗi jarabawa tunda su ke bada tambaya su ke duba takarda.

Kinsan abinda ya bani 'yar dariya duk da abin ba na dariya bane? Ayar da ya zaɓa ya baki. Irmiya 29:11, wadda muke mannawa a bayan mota da jikin kalanda, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake mana, na alheri ne ba na masifa ba. Da kin koma baya shafi ɗaya zuwa sura 28 da kin tarar da mutumin naki a tsaye a wurin. A lokacin Nebukadnezzar ya riga ya kwashi wasu mutanen Yahuza zuwa Babila, har da sarki Yekoniya da kayan Haikali, jikin kowa ya yi sanyi, kowa na neman wanda zai faɗa masa magana mai daɗi. Sai wani annabi wai shi Hananiya ya miƙe a cikin Haikali gaban firistoci da jama'a ya ce Ubangiji ya ce nan da shekara biyu za a dawo da komai da kowa. Kin ji ko, shi ma da wa'adinsa ya zo. Irmiya na tsaye da karkiyar itace a wuya, abinda ya fara cewa kuwa shine amin, Ubangiji ya sa haka, don shi ma so yake a ce gaskiya ne, amma ya ƙara da cewa annabin da ya yi albishir ɗin salama sai maganarsa ta cika tukuna za a san Ubangiji ne ya aiko shi. Hananiya ya cire karkiyar daga wuyan Irmiya ya karya a gaban mutane, irin abin nan da ke sa taro ya ɗauki ihu da tafi. Daga baya Allah ya aiki Irmiya ya gaya masa, Ubangiji bai aike ka ba, ka sa mutanen nan sun dogara ga ƙarya. A wata na biyar aka yi wannan, a wata na bakwai na shekarar Hananiya ya mutu.

Sai sura 29 ta biyo, wasiƙa ce Irmiya ya aika wa waɗanda ke Babila. Me ke ciki? Ku gina gidaje ku zauna, ku yi shuka ku ci amfanin, ku yi aure ku aurar, ku yi wa garin da aka kai ku bauta addu'a, kada ku bari annabawan da ke cikinku su ruɗe ku, sai shekara 70 ta cika sannan zan dawo da ku. Aya ta 10 kenan, ta 11 ke bin bayanta. To ki lissafa, wanda aka karanta wa wasiƙar nan yana da shekara 33 kamarki ai da wuya ba a Babila aka binne shi ba. Alkawarin gaskiya ne kuma ya cika, amma ba irin na kafin Kirsimeti bane. Wato ayar da ta zo a wasiƙar da ke kashe bakin masu yanka wa Allah wa'adi, ita aka ɗauko aka yanka miki wa'adi da ita.

Fitowa 23:26 kuwa eh tana nan, ta ce ba za a sami mai ɓari ko bakarariya a ƙasar ba. Amma al'ummar Isra'ila aka yi wa maganar a gindin Dutsen Sina'i game da ƙasar da za su shiga, kuma a cikin maganar nan ɗaya aka ce za a aiko da zirnako ya kori Kan'aniyawa da Hittiyawa a gabansu, aka kuma yanka musu iyakar ƙasa. Ban taɓa ganin wanda ya riƙe ayar zirnakon yana shuka iri a kanta ba. In da rashin haihuwa alamar rashin bangaskiya ne, me za mu ce da Zakariya da Alisabatu, da Luka 1:6 ya ce dukansu biyu masu adalci ne a gaban Allah ba abin zargi a kansu, aya ta 7 kuma ta ce basu da ɗa har sun tsufa?

Musa ya bar mana ma'auni mai sauƙi a Maimaitawar Shari'a 18:22, wadda masu tsohon juyi suka sani da Kubawar Shari'a. In annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoronsa. Shikenan. Bai ce a koma a binciki bangaskiyar wanda aka yi wa annabcin ba. Zancen kuɗi kuwa ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 8 ki ga yadda Bitrus ya wanke Saminu tas da ya zo da kuɗi zai sayi baiwar Allah. Baiko da zakka muna bayarwa, da farin ciki ma, amma Allah ba uwar adashi bane da za ki je ki ce na zuba, yau ni ke da ɗauka.

Yanzu tambayarki ta biyu, ita ce ma ta hana ni amsawa da wuri don ta fi ta farkon nauyi.

Lokacin da yarana ke ƙanana, in Babansu ya ce wa autar ranar kasuwa zan sayo miki takalmin Kirsimeti, kina tsammani shiru take yi tunda an riga an yi alkawari? Ina! Daga ranar ma ya shiga uku. Tun asuba tana bakin ƙofa, Baba ai ka ce, Baba yau ne ko, Baba kar ka manta ja nake so. Alkawarin ne ya bata bakin magana. Shi kuma ko ya ɓata fuska kamar ya gaji na san daɗi yake ji, don yarinyar ta ɗauki maganarsa da nauyi. Amma a ce maƙwabci ne ya ce mata babanki zai saya miki keke, ta zo ta tsare shi da ai ka ce, me zai ce? Yaushe na ce. Tana da damar roƙon keken fa, 'yarsa ce, zai iya saya, zai iya cewa ba yanzu ba, zai iya cewa a'a, amma ba za ta kira shi mai saɓa alkawari a kan maganar maƙwabci ba. Roƙo iri biyu kenan, na ai ka ce da na Baba ina so, duka suna cikin Littafi Mai Tsarki, duka Allah na ji, ke dai an cakuɗa miki su ne.

Na ai ka ce ɗin, ki duba Dawuda a 2 Sama'ila 7. Allah ya aiko Natan ya ce masa zai kafa gidansa da sarautarsa har abada, mai makon ya ce to an gama, sai ya shiga ya zauna gaban Ubangiji ya ce ka yi yadda ka faɗa, har ya ce don ka bayyana min wannan ne na sami ƙarfin halin yin addu'ar nan. Daniyel ma haka, yana tsoho a Babila ya karanta a littafin Irmiya cewa shekara 70 ne, ya ga lokaci ya kusa, bai naɗe hannu yana jiran a kira sunansa ba, azumi ya shiga da tsummoki da toka, sura 9 kenan, kuma ki lura da aya ta 18, ya ce ba don adalcinmu muke roƙo ba sai don yawan jinƙanka. Mutumin da ya yi azumi ne fa yake faɗin haka, bai lissafa wa Allah kwanakin azuminsa ba. Iliya kuwa Allah da bakinsa ya ce masa zan aiko da ruwa, 1 Sarakuna 18:1, amma a ƙarshen surar ga shi a kan Dutsen Karmel ya cusa kai tsakanin gwiwoyi yana aiken baransa ya dubo wajen teku har sau bakwai kafin ɗan girgije kamar tafin hannu ya taso. Kinga Allah ya ga dama ne ya sa alkawarinsa ya biyo ta hanyar addu'ar mutanensa, ba don yana mantuwa ba, sai don baya so ya zama kamar mai aiko da kuɗi ta waya ba a ga fuskarsa ba. Ko a wasiƙar Irmiyan nan, aya ta 12 cewa ta yi za ku kira ni ku yi addu'a ni kuwa zan ji ku. Addu'ar ma tana cikin abinda aka yi alkawarinsa.

Amma wanda na fi so ki nuna wa maigidanki shine Ishaku. Shi kam ba ji-ta-ji-ta bane, Allah ya faɗa ƙarara cewa ta wurinsa zuriyar Ibrahim za ta fito. Ya auri Rifkatu yana da shekara 40, tagwayen basu zo ba sai yana da 60. Shekara 20 ɗiyata, da alkawari a hannu. Farawa 25:21 kuma ta ce Ishaku ne ya roƙi Ubangiji saboda matarsa. Mijin ne ya durƙusa. Ba a bar Rifkatu ita kaɗai tana yawon gidajen addu'a yana gida yana cewa shi lafiyarsa ƙalau ba.

To na Baba ina so fa, wanda ba alkawari a ƙarƙashinsa? Nan ne inda kike, kuma ba wurin kunya bane, Hannatu a nan ta tsaya. Ba mala'ikan da ya zo mata, ba wanda ya ce mata baɗi war haka kamar yadda aka ce wa Saratu. Abinda take da shi kishiya ce mai baƙar magana, da miji mai sonta amma bai gane ba, wai ai na fi miki 'ya'ya goma, maza kenan. Ta je Shilo ta yi ta kuka leɓunanta na motsi murya bata fita har Eli firist ya ɗauka ta sha ta bugu. Ki lura bakinta ma bai buɗu ba, kamar naki. Ta roƙi ɗa kai tsaye ba kwana-kwana. Wani zai ce ai ta yi wa'adi, to wa'adinta yaron ne da kansa za ta mayar wa Ubangiji, ba wani abu ta kai wa Eli ya sa a aljihu ba. Eli kuma bai bata rana ba, cewa ya yi ki sauka lafiya, Allah na Isra'ila ya biya miki bukatarki. Sai 1 Sama'ila 1:18 ta ce ta tafi ta ci abinci fuskarta ta sake. Bata da ciki a lokacin fa, bata san ko za ta samu ba, ta dai sauke kayan a inda ya kamata. Wannan ma amfanin roƙo ne, kuma ba ƙarami ba.

Hannatu ta samu, Sama'ila da wasu biyar a bayansa. Bulus bai samu ba. Sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da aka bashi a 2 Korantiyawa 12:9 ita ce alherina ya ishe ka. Mutumin da ake kai kyallayen da suka taɓa jikinsa wa marasa lafiya su warke, shi nasa ya ƙi tafiya. Wa zai tsaya gabansa ya ce shakka ce ta cinye masa?

Nasan za ki ce to Mama Markus 11:24 fa, duk abinda kuka roƙa ku gaskata kun samu zai zama naku. Tana nan, ban goge ta ba kuma bazan rage mata ƙarfi ba, ita ce ma ta sa muke roƙon manyan abubuwa ba tsoro. Amma Yesu da ya faɗi maganar nan, a cikin makon nan ɗaya, shine ya faɗi ƙasa a Getsamani ya ce Abba kome mai yiwuwa ne a gare ka, ka ɗauke min ƙoƙon nan, sau uku yana maimaitawa, ya rufe da ba nufina ba naka za a yi. Ba a ɗauke ba. In mai ayar da kansa haka ya yi addu'a to ni wace ce da zan karanta ta fiye da shi. Yahaya da yake wurin a daren nan, da ya tsufa ya zo rubuta wasiƙa sai ya ce in mun roƙi wani abu bisa ga nufinsa yana jinmu, 1 Yahaya 5:14. Cikin sunan Yesu da muke rufe addu'a da shi ba lambar katin banki bace da in kin danna daidai dole kuɗi ya fito. Kuma kar ki manta Shaiɗan ma ya iya jawo aya, Zabura 91 ya karanto wa Yesu a kan tsororuwar Haikali ya ce ka yi tsalle ai an rubuta.

Ba daga littafi kawai nake miki maganar nan ba. Ɗana na biyu sikila ne. Shekara 17 ina addu'a a kansa, Ishaya 53:5 na haddace ta kamar sunana, ba daren da zai tashi da ciwon ƙashi ban karanta ta a kansa ba. Ya rasu a gadon asibiti hannuna na kan goshinsa ina tsakiyar addu'a. A wajen zaman makoki wata ta sunkuyo ta ce min a kunne da kun kai shi wajen wane da bai mutu ba. Na yafe mata, mantawa dai ban yi ba. Kusan shekara guda bana iya komai sai Addu'ar Ubangiji, ita ma in na zo kan a aikata nufinka sai in yi shiru in bar jama'a su wuce da ni, matar fasto fa, a benci na gaba, da ɗaurin zumunta a kaina. Abinda ya fara kwance ni Ibraniyawa 11 ce, aya ta 35. Wasu mata aka tayar musu da matattunsu, a ayar nan ɗaya ba a ko canja lamba ba, wasu kuma aka azabtar da su har mutuwa, kuma dukansu aka ce an yabe su saboda bangaskiyarsu. Na zauna na tambayi kaina, ke wai me Allah ya ce miki game da yaron nan? Bai taɓa ce min zai yi furfura ba, ni ce na so, kuma ba laifi da na so. Amma ya ce wanda ya gaskata da shi ko ya mutu zai rayu, Yahaya 11:25, yaron kuwa da bakinsa ya shaida aka yi masa baftisma. Wannan alkawarin yana nan, lokacinsa ne bai yi ba, har yau kuma ina tuna masa, ai ka ce.

Don haka kar ki ce tunda na Kirsimeti ya zama romon baka to hannunki wayam. Akwai waɗanda aka yi wa duk mai bin Almasihu, da ke a ciki, ba sai wani ya kira ki gaba ba. Ya ce in mun furta zunubanmu zai gafarta. Ya ce bazai taɓa barinki ko ya yashe ki ba, Ibraniyawa 13:5. Ya ce mai neman hikima ya roƙa za a bashi ba gori, kuma hikima kina bukatarta a satin nan kamar ruwa. Filibiyawa 4:6-7 ta ce ki kai roƙonki da godiya, abinda aka ce tabbas zai biyo baya kuwa salama ce da ta fi gaban ganewa, ita za ta tsare zuciyarki, ba a ce kayan da kika lissafa dole su iso ba. Ta bakinki da ya rufe kuma akwai Romawa 8:26, bamu san yadda za mu yi addu'a ba amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da baya faɗuwa. A kan waɗannan ki tsare ƙofa tun asuba ki ce ai ka ce, ba kunya. A kan ɗa kuma ki ce Baba ina so, ki faɗa yau ki faɗa gobe, da kuka in kukan ya zo. Ni bazan ce miki za ki haihu ba, bazan kuma ce ba za ki haihu ba, in na faɗi ɗaya na zama irin mutumin can. Amma na sa ki a addu'ata kuma ɗa nake roƙa miki.

Sauran maganar ta ƙasa ce. Gidan addu'ar nan kar ki sake takawa, ko an ce miki akwai wani shiri na musamman na masu neman haihuwa, ƙawar taki ma ki gaya mata a hankali, wataƙila ita ma an ci nata.

Maigidanki ki gaya masa zancen keken. Nasan gabanki ya faɗi da kika karanta, amma ina zargin rabin abinda ya ɗaure miki baki ɓoyon nan ne, shekara biyu kina kwana kusa da mutum kina tsoron ranar da zai tambayi ƙanwarki. Ke kika san halinsa, in mai zafin hannu ne kar ki yi ke kaɗai, ki nemi matar fastonku ko waɗanda suka tsaya muku ranar aure su zauna da ku. Ki faɗa yadda yake, na yi kuskure, neman ɗa ne ya kai ni. Daga nan sai maganar asibiti, ku biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya na gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsu, kinga ba ke kaɗai bace kuma ba la'ana bace. Wani lokacin bututun mahaifa ne ya toshe bayan wani ciwon sanyi da ba a kula da shi ba, wani lokacin ƙari ne a mahaifa ko ƙwai baya fita a kan lokaci, sau da yawa kuma daga namiji ne, kuma namiji na iya zama lafiyayye garau a shimfiɗa amma ƙwayoyin maniyyinsa sun yi kaɗan, gwaji kaɗai ke nunawa, nasa gwajin ma ya fi naki sauƙi nesa ba kusa ba. Jos ba nisa daga wajenku, akwai likitocin mata a asibitin koyarwa na jami'ar Jos da kuma Jankwano. A shekara 33 akwai sauran lokaci amma ba na wasa ba. In wani ya ce zuwa asibiti rashin bangaskiya ne ki buɗe masa 2 Sarakuna 20, Allah ya riga ya ce wa Hezekiya na ji addu'arka na ga hawayenka na ƙara maka shekara 15, duk da haka Ishaya ya ce a kawo curin ɓaure a manna a kan marurun.

Maganar riƙon yaro da maganar dangin miji bazan taɓo su yau ba, baki tambaye ni ba kuma kowanne zaman kansa yake so.

A zumunta kuma ki daina cewa mura. Ba sai kin zazzage musu cikinki ba, mun san wasu bakinsu baya riƙe ruwa, amma ki sami mutum biyu da kika yarda da su ki ce musu na gaji, ku ɗauke ni. Shanyayyen nan na Markus sura 2 ba da ƙafarsa ya je ba, mutum huɗu suka ɗauke shi suka fasa rufin ɗaki, kuma cewa aka yi Yesu ya ga bangaskiyarsu. Da daddare in kin durƙusa abin ya ƙi, kar ki tilasta, ki buɗe Zabura 13 ki karanta da ƙarfi, aya shida ce kawai, sau huɗu Dawuda ya tambayi Allah har yaushe a cikinta kuma ba a cire ta daga Littafi ba. Ki yi sati biyu a kanta ita kaɗai in ta kama.

Sai ki sake rubuto min bayan kun zauna da maigidan, ina so in ji yadda ta kaya. Ki kuma gaya min keken wane iri ne, na ƙafa ne ko mai wuta, don in akwai adashi a zumuntarku ina so ki shiga ki roƙi a baki ɗaukar farko, ki mayar da shi ɗakinki tun kafin masu ɗinkin Kirsimeti su fara kawo atamfa.